Ranar da Aka Ajiye Rwakatungu a Gefen Gona

Ƙaho ya sake kuka daga kan tudu, amma Turinawe bai ɗaga kai daga kunyar dankali ba.

"Maigida, kiran ƙungiya ne fa," in ji matarsa Kobusingye, ta dogara da fartanya.

"An ce miki kurma ne ni? Don Rwakatungu ne. Wancan watan muka gangara da shi har asibiti, ya dawo da ƙafarsa yana shan rake. Masu sayen dankali ba za su jira mu ba. Ku ci gaba da tono."

'Ya'yansa biyu, samari majiya ƙarfi, suka dubi juna, suka sunkuya.

Mota ba ta hawa wannan tudu. Wanda ciwo ya kayar, a engozi ake gangarawa da shi, wato gadon saƙa mai sanduna biyu, kuma dokar ƙungiyar masu ɗaukar engozi ita ce gida dungurungum yake fita: maza su ɗauka, mata su biyo da bargo da kunun dawa, yara su riƙo ruwa. Ana tafe ana canjin kafaɗa. Mai rai ba ya taɓa ƙasa sai a ƙofar asibiti; gawa kaɗai ake ajiyewa a hanya a huta. In ana taro, ba wanda ya kai Turinawe ɗaga murya kan wannan doka.

Rwakatungu maƙwabcinsa ne, 'yan bishiyoyin ayaba ne kawai tsakaninsu. Tsoho ne mai kiwon zuma, yakan gaishe da ƙudajensa da safe ya tambaye su kwanan gida, kuma ya yarda cewa hazo numfashin tafki ne. Bai haihu ba, daga shi sai ƙanwarsa Nyinabarongo. Duk da haka in ƙaho ya yi kuka shi ne farkon fitowa, yana dukan ƙirji yana cewa, "Ga gidana nan, duk mun fito!"

Hanyar gangare ta gefen gonar Turinawe ta bi. Can sai ga masu ɗauke da Rwakatungu sun ɓullo daga cikin hazo. Ranar kasuwa ce, matasa duk sun sauka tun da safe. Tsofaffi biyu ne a gaba, a baya malamin coci da wata mace mai goyo, sandar ta nutse mata a kafaɗa. Nyinabarongo na biye da tulun kunu.

"Canji!" ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi kira.

Ba kowa a baya da zai karɓa.

Tsakanin Turinawe da su bai fi jifa ba. Ya gani, ya ji. Amma akwai wani ƙaton dankali da ya leƙo rabi daga ƙasa, mai kama da kan jariri, sai ya ce a ransa bari ya ciro wannan tukuna. Kafin ya miƙe, sun durƙusa, engozi ya zauna a kan ciyawa.

Kobusingye ta ɗora hannu a ka. Turinawe ya yar da fartanya ya ruga, samarin na bayansa.

Idon Rwakatungu a buɗe yake. Ya zuro hannu ta gefen saƙar, ya shafa ciyawa mai raɓa, ya ɗago yatsunsa yana kallo.

"Kun ajiye ni?"

"Bargo muke gyarawa, Yaya," in ji ƙanwarsa.

"Ke, tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba." Ya juyo da ido. "A'a, maƙwabci, kai ne? Dankalin ya yi kyau bana?"

"Baba…" in ji Turinawe.

"Na ga ya yi. Tun da ya yi fure ƙudajena suka gaya mini." Ya ja numfashi da ƙyar. "To, tun da an riga an ajiye, ku huta sosai mana. Saurin me kuma ake?"

"Ku kama!" Turinawe ya daka wa 'ya'yansa tsawa, kamar su suka yi laifi.

Suka ɗauka, Kobusingye ta karɓi sandar mai goyo ba tare da ta dubi mijinta ba. Suka gangara da gudu-gudu, laka na fallatsa. Turinawe na ta yi wa tsohon surutu, zancen zuma, zancen ruwan bana, ko zai amsa. Da fari yana cewa "Uhm." Kafin su kai gadar itace da ke fadama ya daina. Nyinabarongo ta taɓa wuyansa, ta ja bargo ta rufe fuskar, ta ce a juya.

Hawan tudu ya fi gangara wuya. Mutanen kasuwa suka fara riskar su, kowa na miƙo kafaɗa, Turinawe na girgiza kai. Rigarsa ta manne da inda sanda ta saɓule masa fata. Da suka kai wani ɗan fili a tsakiyar tudu, malamin coci ya ce a huta.

"Ba za a ajiye shi ba," in ji Turinawe.

"Maigida," Kobusingye ta ce a hankali, "yanzu ai babu laifi."

Aka ajiye. Kowa ya nemi dutse ya zauna, ban da Turinawe. Da wani ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Nyinabarongo ta buɗe tulu, ta cika ƙwarya, ta tsallake tsofaffin nan da mai goyo, ta zo gabansa ta russuna.

"Sha, ɗana. Kai ka fi kowa ɗauka yau."

Ya karɓa da hannu biyu. Yana nan tsaye a gefen engozi, ƙwaryar na hannunsa, har tururin ya ɗauke, saman kunun ya yi fata.