Ɗigon Mai a Tashar Gumel

"Ɓarawo ne! Na ce ɓarawo ne!"

Alhaji Ɗantala ya faɗa karo na uku, yana nuna direbansa Hamma da sanda, a tsakiyar tashar Gumel, inda 'yan dako suka ajiye buhunan gyaɗa don su sha kallo. Lorin kuwa tana tsaye tana karkarwa kamar mai masassara, inji na tari yana neman mutuwa, mai yana ɗiga a ƙarƙashinta.

"Galan biyu na man giyar mota a kwana goma! A Maigatari, can bakin iyaka, yake sayar wa mutanen Faransa, ya kuma lalata mini inji."

Shekara shida Hamma ya ja motar soja, har yaƙin ƙasar Bama, babu Baturen da ya taɓa ce masa ɓarawo. Ya san in wannan suna ya bi shi, daga nan har Kano ba mai sake ba shi mota. Ya harɗe hannuwansa a baya don kada su yi abin da zai kai shi gaban alƙali.

Ilu makaniki, wanda aka kira ya duba, bai kula kowa ba. Ya sa kunne a jikin inji, ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa, duk sun yi baƙi ƙirin.

"Iska ba ta isarta," in ji shi. Ya buɗe matatar iska, ya zura hannu, ya zaro laya ƙatuwa, ɗinkin jar fata, ta jiƙe da mai. Nan take inji ya daidaita.

Kowa a tasha ya juya ya dubi Alhaji.

Ilu ya shige ƙarƙashin mota, ya daɗe, sannan ya fito da wani dunƙule a bakin wuƙa. "Wa ya liƙe ƙofar numfashin akwatin giya da ƙaro? In ya yi zafi ba inda iska za ta fita, dole ta tura mai ta gindi."

"Rairayin hanyar Sule Tankarkar nake tsoro ya shiga," Alhaji ya ce, murya ta sauka. "Layar kuwa ta tsari ce."

"Ta tsare ta kuwa, Alhaji," in ji Ilu. "Ko iska ba ta shiga ba."

Wani ɗan dako ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

Alhaji ya gyara rawani, ya dubi rana. Gyaɗa tan biyar na jira, kuma duk ƙasar Gumel babu wani direba sai na hukumar En'e.

"To, ya isa. Hau ka ja, Hamma."

"A gaban su wa ka kira ni ɓarawo, Alhaji?"

"Kai, wannan ai ya wuce."

"Bai wuce ba. Ga su nan tsaye."

Alhaji ya duba dama da hagu. Ba wanda ya ɗauki buhu. Ya matso kusa da ƙofar mota, ya yi magana can ƙasa-ƙasa, a cikin gemunsa: "Ba kai ba ne."

Hamma ya hau, ya zauna, ya miƙa hannu ya kashe injin. Har kukan kurciya aka ji daga kan tsamiya.

"Sake faɗa, Alhaji," ya ce. "Ƙarar mota ta hana ni ji."