Makullin Injin Kawu Isidre

Shekara uku na yi a shagon Kawu Isidre ina goge kaifin ƙarafan da ba ni na zana ba, takardar digirina ta injiniya na kwance a durowa. Kayan kekunan tsallen dutse muke ƙerawa, irin waɗanda ba su da sirdi, a ƙauyenmu da ke kusa da garin Berga. Injin sassaƙa ƙarfe ɗaya ne a shagon, makullinsa kuma a wuyan Kawu yake kwana. Ni rabona magagari.

Abin da aka fi saya a wurinmu shi ne ɗan hannun nan da ake ɗaurawa a gindin tayar baya, mai ɗame sarƙa don kada ta yi sako-sako. Da alminiyom Kawu yake yin nasa, ga sheƙi ga rashin nauyi. Duk Litinin kuwa sai an dawo mana da biyu ko uku a karye.

"Kawu, alminiyom bai san lanƙwasa ba, karyewa kawai ya iya. A gwada ƙarfen sifirin mana."

"Injiniya ta buɗe aji," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Mutanen da ke huda ƙarfen tayarsu don rage nauyi za ki rataya wa guduma?"

"Giram goma sha tara ne bambancin."

"Har kin auna?"

"Na auna."

"To auno min gurasa da tumatir, yunwa nake ji."

Da hannu na yi nawa, a hutun cin abincin rana, na ɗauki mako biyu ina lanƙwasawa ina gogewa. Bai yi kyau ba, ni ma na sani. Kawu ya juya shi a tafinsa ya ce ƙugiyar mahauta ce. Sai ya gindaya sharaɗi: in ɗaura shi a kekena a gasar ranar Lahadi. Idan na gama sashe goman gasar sarƙa ba ta zame ba, kuma hannu bai taɓa ƙarfen ba, zai ba ni makullin injin. Idan ta zame ko sau ɗaya, in rufe bakina har abada.

A busasshen rafin da ke ƙasan ƙauye aka yi gasar. Kowane sashe minti biyu ne. Ƙafa ta taɓa ƙasa, laifi ɗaya. Ka faɗi ko lokaci ya ƙare, biyar. Sashe tara na wuce sarƙa lafiya lau, ko da yake na tara laifuka. Na goma wani tsagi ne tsakanin manyan duwatsu biyu, faɗinsa da kaɗan ya fi hannun keke. Remei ta gidan waya ce ke riƙe da agogo a wurin, Kawu na tsaye a bayanta, hannu a aljihu.

Na diro cikin tsagin a karkace, gindin taya ya daki dutsen dama. Na ji ƙarar har a haƙorana. Na matse birki biyu, na tsaya a kan feda, na leƙa ƙasa. Ƙarfen bai karye ba, amma ya lanƙwashe ciki, ya ja sarƙa zuwa bakin haƙoran ƙarfen da take gudu a kai. Idan na taka feda sau ɗaya, za ta zame.

Gaba ba hanya sai da feda. Baya dutsen da na sauko ne. Idan na sauka na miƙar da shi da hannu, na karya sharaɗi. Haka na tsaya cik, ina 'yan tsalle-tsalle a wuri ɗaya don kada in kife.

"Saura minti ɗaya, Queralt," in ji Remei.

"Sauko, 'yar nan," Kawu ya ce. "Ba hoto ake ɗauka ba."

Cinyoyina sun fara rawa, yatsun da ke kan birki sun mutu. Gumi na shiga idona, ba hannun sharewa. A ƙasan dutsen hagu akwai wani ɗan tsini da ya fito, tsawonsa kamar tafin hannu. Na fara jan tayar baya zuwa kansa, tsalle bayan tsalle, har tsinin ya shige ƙarƙashin keken ya tokare ƙarfen ta ciki. Na jingina nauyina. Bai motsa ba. Na sake.

"Lokaci ya ƙare. Biyar," Remei ta ce. "Kina iya sa ƙafa yanzu, ɗiyata, ba abin da zai ƙaru."

"Ba da ke nake gasa ba, Inna Remei."

A karo na huɗu na ji ya ba da kai, a hankali, yadda ƙarfen sifirin ke yi. Sarƙa ta koma tsakiyar haƙora. Na taka feda, na haye dutsen ƙarshe, na fita ta tsakanin tutoci, sannan na zube a kan tsakuwa, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Kawu ya tsuguna gaban keken ya daɗe yana kallo, bai taɓa ba.

"Ta goma sha ɗaya kika zo cikin sha biyu."

"Maganar sarƙa muka yi, Kawu."

"Har yanzu mummuna ne."

Ranar Litinin na tarar da makullin a kan teburina, da igiyarsa mai maiƙo. Kusa da shi akwai kwali cike da nasa na alminiyom, sababbi fil, duk da kaifinsu.

"Sai kin gama goge waɗannan tukuna," ya ce daga bakin ƙofa.

Guda sittin ne. Na rataya makullin a wuyana, na ɗauki magagari.