Kalmar da Ta Tsinta a Bakin Likita

A mota ciwon ya kama Barmo, shi da matarsa suna dawowa daga kasuwar Shiling ta Guangzhou inda suka saro jakunkunan mata. Ya dafe kwiɓi, ya dunƙule, gumi na keto masa. Matarsa Zeinabou ba ta taɓa jin kukansa ba sai ranar. Direba ya kalle shi ta madubi, ya karya kan mota sai asibiti.

Aka shige da shi, aka bar ta a baranda. Can wani likita ya fito ya yi mata Turanci da sauri. Ita kuwa Faransanci ta karanta a Maradi. Kalma ɗaya ta tsinta: agony.  A Faransanci, kalma mai kama da wannan gargarar mutuwa take nufi, kuma ita aka faɗa musu ranar da mahaifinta ya cika.

Ta zube ƙasa. A ina ake binne baƙo a Guangzhou? Wa zai yi masa wanka? Me za ta gaya wa tsohuwarsa? Ta yunƙura za ta shiga ta laƙƙana masa kalmar shahada, wata nas ta tare ƙofa tana girgiza kai.

Ta ɗauki waya ta kira maƙwabciyarsu Ummu Salma, Bakanuwa, wadda ta koyar da Turanci kafin ta kama sarin takalma a titin Zhanxi Lu.

"Yaya, Alhaji na gargara! Likita ne ya faɗa!"

"Innalillahi! Miƙa masa wayar."

Ta bi likitan da gudu. Ya yi magana, ya maido mata.

"Zainabu, nutsu ki ji," in ji Ummu Salma. "Tsakuwa ce a ƙodarsa. A Turanci kalmar nan azaba take nufi, ko mai ciwon haƙori yana faɗarta. Tushenta ɗaya da taku ta Faransanci, daga Girkanci, asalinta gwagwarmayar 'yan kokawa. Faransawa ne suka keɓe ta ga gwagwarmayar ƙarshe, wato gargara."

Kunnenta ya ji, zuciyarta ba ta yarda ba. Sai bayan la'asar aka bar ta ta shiga. Barmo na kwance shiru, allura ta sa shi barci, ido a rufe. Ta tsaya daga nesa, ta kasa matsawa. Da ƙyar ta kai yatsa ƙarƙashin hancinsa, ta ji ɗumin numfashi, sannan kuka ya ƙwace mata.

Ko bayan an sallame shi, ta daɗe ba ta barinsa ya fita kasuwa shi kaɗai.