'Ya'yan Farin Unguwar Gawo

Malam Zulkifilu ya riga ya tayar da babur ɗinsa lokacin da Iya Hajo ta cafke kariyar baya da hannu biyu.

"Iya, lafiya? Za ki kayar da ni!"

"Kashe abin nan. Mu nawa ka ce?"

"Ɗari huɗu da sittin da takwas. Ƙa'idar ofishinmu, sai ƙauye ya kai mutum ɗari biyar ake haƙa masa rijiyar burtsatse. Kuma yau ake rufe karɓar takardu a Daura."

Hajo ba ta saki ba. Shekara arba'in tana ungozoma a Unguwar Gawo, ƙauyen da in ka baro Baure sai ka yi ta kutsawa cikin yashi har ka fara zaton ka faɗa Nijar. Gida uku a nan, biyu can bayan tudu, tsakanin wani da wani ko ihu ka yi ba mai jin ka. Rijiyarsu ɗaya ce, kuma da bazara ta kama sai ta ƙafe, mata su ɗauki jarka su tsallaka iyaka neman ruwa. Bara a kan wannan hanyar Hajo ta karɓi haihuwa a gindin aduwa, ba ko ruwan wanke jariri. Har yau in ta tuna sai ranta ya ɓaci.

"Karanto min gidan Audi," in ji ta.

Ya buɗe littafin da ƙosawa. "Shi, da matarsa Zubaida, da yara uku."

"Huɗu ne. Ni na yanke musu cibi. Gidan Maliki fa?"

"Yara biyar."

"Shida. Ɗan nan, yaya ka yi ƙidayar nan?"

Ya gaya mata. Kwana uku yana zagaye. Yawancin maza sun tafi ci-rani, shi kuwa namiji ne, ga shi tun zuwan Shari'a an ƙara tsananta ba-shiga. Sai ya riƙa tsayawa a bayan zana yana tambayar matar gida, "'Ya'yanki nawa?"

Hajo ta saki babur ta tafa hannu, ta yi dariya har da hawaye.

"A wane gari aka goye ka?"

"A Ikko na tashi, Iya."

"Na ga alama! Wace mace ce za ta buɗe baki ta ƙirga ɗan farinta, kuma a gaban baƙo? Ko sunansa ba ma faɗa. Duk gidan da ka tsaya, ka baro mutum ɗaya a baya."

Zulkifilu ya rufe littafin. Ya san da kunyar ɗan fari, amma bai taɓa zaton za ta biyo shi har cikin takarda ba. Ya dubi rana, ya kashe babur.

"Amma fa sai na ga kowa da idona. Kuma ana yin la'asar zan kama hanya."

Tsohuwar nan da ke kukan gwiwa kullum, ranar ba wanda ya ga tana ɗingishi. Ta aika gabas, ta taka yamma da ƙafarta. Bayan azahar inuwar babban gawo ta cika da mata. Hajo ta tsaya tana kiran suna, ana turo yara da 'yan mata, iyayensu na kau da kai kamar ba su taɓa ganinsu ba. Da aka zo kan 'yar Zubaida, sai uwar ta duƙufa gyaran ɗankwali.

"Dube ta," in ji Hajo. "Ranar haihuwarta har Zango an ji ihunki, yau kuma ba ki san ta ba!"

Aka kwashe da dariya. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tsira daga bakinta.

Aka kira la'asar, 'yan tsofaffin mazan da suka rage suka nufi masallaci. Zulkifilu ya haɗa lissafi sau biyu, ya ɗago a sanyaye.

"Ɗari huɗu da casa'in da tara. Saura ɗaya, Iya."

Hajo ta bi gidajen a ranta, daga bakin iyaka har bayan tudu. Ba ta tsallake kowa ba.

Sai Zubaida ta ce a hankali, "Malam, karanto mana gidan Iya."

"Ita, da jikoki biyu."

"To, mai kwana a zaurenta fa?"

Ɗan farin Hajo ke nan, magidanci mai furfura, wanda ya dawo gabanta bayan rasuwar matarsa. Kusan shekara hamsin tana ce masa "wancan". Ga shi can kuwa a kan tudu da wasu makiyaya biyu, sun kora shanu sun nufi Nijar shayarwa.

"Kai! Mai shanu!" Hajo ta ƙwala.

Ba wanda ya waiwayo, don duk ukun masu shanu ne. Ta juyo wajen matan. "Wata ta kira shi mana!"

Duk suka naɗe hannu suna murmushi. Wuni guda tana tsokanarsu, yau sun samu rana. Zulkifilu ya fara ɗaure littafi a kariya. Shanun gaba sun fara ɓacewa bayan tudu.

Hajo ta cika ƙirji da iska.

"Jafaru!"

Can nesa mutumin ya tsaya cak, sandarsa ta faɗi. Ya baro shanu ya taho a guje, ya iso yana haki, idonsa ya ciko.

"Iya... ke ce kika kira ni?"

Guɗa ta ɓarke a gindin gawo. Zulkifilu ya zaro biro yana dariya, ya rubuta ɗari biyar.

Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa ɗanta baya.

"Ni ban kira kowa ba," in ji ta. "Tsaya malam ya gan ka."