Ɗauka Goma Sha Ɗaya

Da fuskar Yaya Dogo ta cika allon sinimar, Auta ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta. Ɗakinsu ne ake nunawa: katifar nan mai rami a tsakiya, ƙusar da yake rataye rigar gareji, har tsagin bangon da Inna ta toshe da tsumma.

Matar da ke gefenta ta ciro hankici. "Kai, yaron nan ya iya wasa! Dubi yadda hannunsa ke rawa."

Auta ba ta duba ba. Ko da safiyar nan ta ga hannun, sa'ad da ya kasa riƙe kofin ruwa.

* * *

Wata bakwai Dogo ya yi bai kusanci kwalbar maganin tari ba. Ya koma gareji, ya yi kumatu, har Inna na tsokanarsa wai ya kusa fin tukunya faɗi. Ana cikin haka darakta ya zo unguwa neman wanda ya san shaye-shaye daga ciki, don fim ɗin da ya ce zai ceci matasa. Ya zaɓi Dogo.

Ranar da za a ɗauki wurin shan kwalbar a gidansu, an ce Auta ta tsayar da keken ɗinkinta saboda ƙara. Shi ya sa ta ji duk abin da darakta da Dogo suka faɗa.

"Idonka ya yi fari da yawa, Dogo. Shayi ne a kwalbar nan, kuma kowa zai gane."

"Oga, na tuba fa."

"Wa ya ce ka koma? Kurɓa ɗaya, don kyamara. Ni ba na yi wa masu kallo ƙarya."

Aka aika aka sayo ta gaske. Haske bai yi ba, aka sake. Babur ya wuce, aka sake. Auta na ƙirgawa da yatsu a kan cinyarta har goma sha ɗaya. Ta so ta miƙe, amma mutane ne masu takalma masu tsada, ita kuwa ko a aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Fim ya tafi ƙasashen waje ya ciwo kyauta. Dogo ko ƙofar gareji bai sake zuwa ba. Yanzu Inna ke kulle shi a ɗaki, makullin na ɗaure a bakin zanenta.

* * *

Fitilu suka dawo, zauren bikin finafinan ya miƙe tsaye da tafi. Aka kira Dogo gwarzon ɗan wasa.

"Jaruminmu ya yi tafiya," in ji darakta cikin murmushi, "amma ga ƙanwarsa."

Kwana uku Auta tana haddace maganarta a gaban keke: yayana ya daina, su suka ba shi, a taimaka a kai shi asibiti. Ta san cikin mutanen nan ba za a rasa likita ko mai faɗa a ji ba. Yau ce kawai za su saurare ta.

Aka ɗora mata kyautar a hannu, wani mutum-mutumi mai ruwan zinariya. Aka kara mata makirufo. Haske ya kashe mata ido, ta ji numfashinta na fita ta lasifika kamar na wata. Darakta ya matso daf da kunnenta.

"Yi sauri, ƙanwata, minti ɗaya aka ba mu."

"Yayana..." Ɗaruruwan fuskoki na jiranta da murmushi. "Mun gode."

Tafin ya fi na farko.

* * *

Da la'asar ta iso gida. Inna ta dubi fuskarta, ta kwance makullin.

Dogo na zaune a ƙasa, ya jingina da bango, leɓɓansa sun bushe.

"Autar Inna, an zama manya. Sun tafa?"

"Sun tafa, Yaya. Har da masu kuka."

"Kin gaya musu?"

Ta miƙa masa kyautar. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, bai ko kalli rubutun da ke jiki ba. Ya kankare gindinta da farce, ya ɗora ta a tafin hannu yana auna nauyi, irin yadda masu sayen gwangwan ke yi.

"Auta," ya ce a hankali, "wannan tagulla ce ko roba?"