Ƙofar da Zakari Ya Buɗe wa Ƙanensa

Zakari mutum ne mai zuciya a kusa, duk unguwarsu a Tawa an san shi da haka. Zuciyar nan ce ta raba shi da ƙanensa Ashiru mai cirani a Abijan. Da mahaifinsu ya rasu Ashiru bai samu zuwa ba, Zakari ya kira shi ya yi masa wankin babban bargo. Tun daga ranar Ashiru bai sake ɗaga wayarsa ba.

Sai ga saƙo ta bakin ƙanwarsu Rukaiya: in Zakari ya buɗe wasan ƙwallon da suke bugawa a kwamfuta a da, Ashiru zai shigo ranar Juma'a bayan masallaci. Ba sulhu aka ce ba, wasa aka ce. Amma Zakari ya san in wannan ta kuɓuce masa, ba lallai a samu wata ba.

Kwana da kwanaki yana fama da akwatin wifi na gidan. Akwatin yana da katangar tsaro da ke korar duk baƙon da ya zo daga waje. Sai da ya huda mata ƙofa, ya ce duk wanda ya ƙwanƙwasa nan a kai shi ga lambar kwamfutarsa. Ya gwada da wani aboki a Yamai, abu ya yi.

Ranar Juma'a aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ana tsakar huɗuba. Ko da aka maido, fadar ƙofar gida ta cika da dattawa, ana ta shayi. Kawu Dodo, yayan mahaifiyarsu da ya zo daga Bambeye, shi ke riƙe da fadar. A wurinsa kod ɗin wifi, wato kalmar sirrin shiga, kamar garwashi ne, maƙwabci ba ya zuwa ɗiba a hana shi.

Zakari ya kunna kwamfuta ya zauna jira. Shiru. Can Rukaiya ta leƙo ta ce Ashiru na ta ƙoƙarin shiga, abin ya ƙi. Da ya duba cikin akwatin sai ransa ya ɓaci. Wayoyin fada sun riga kwamfutarsa shiga, akwatin kuwa ba ruwansa da babba ko yaro, wanda ya fara zuwa shi yake ba lamba. Lambar da ya buɗe wa ƙofa ta faɗa kan wayar Kawu Dodo.

Gyaran ba wuya gare shi ba, ya ɗaure lambar ga kwamfutarsa kawai. Amma mai fushi ba ya bin gajeriyar hanya. Ya fita waje fuu.

"Kawu, wa yab ba su kod ɗin gidanga?"

Tsohon na riƙe da waya kusa da kunne. Ya ɗaga masa hannu. "Ni nib ba su. Dakata kaɗan, ɗana, magana nika yi."

"Ba ni dakatawa. Kun zo kun cika muna gida, ku sha shayi, ku sha wifi, ku ɓata ma mutane aiki. In Bambeye haka aka yi, nan ba Bambeye ba ta."

Wani dattijo ya ajiye kofinsa bai ƙarasa ba. Zakari ya koma ciki, ya toshe kowace waya har kiran Kawu ya yanke, ya sauya kod, ya maido lambarsa. Aiki ya yi kyau.

Ba a jima ba sunan Ashiru ya bayyana a allo. Zakari ya gyara murya ya yi sallama.

Ashiru ya amsa, sannan ya ce, "Yaya, ka san da wa Kawu ka magana sa'adda kah hito?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Da ni. Tun azumi shika kira na yana ba ni haƙuri, yana rantsuwa ka sake hali. Na ji komi, har inda kak katse shi."

"Ashiru, tsaya in gwada maka yadda akai. Lambar ta..."

"Ƙohwa ta buɗe, na gani. Sannu da aiki."

Sunan ya ɓace. 'Yan wasan Zakari na tsaye a fili, ƙwallo na tsakiya ba mai taɓawa. Daga waje ya ji Kawu Dodo na naɗe tabarma, yana tambayar ko motar Bambeye ta tashi.