Ragon Da Ya Sha Mukayyif

Mijina mai suna Maman Lawali direba ne a wani gida a unguwar Abhur ta Jidda, kuma mutum ne da in ya ƙulla abu sai dai ka ba shi hanya. Bara ya rantse ba zai sayi ragon layya a kasuwa ba, da hannunsa zai yi kiwo kamar yadda babansa ke yi a Damagaram. Ya shigo mana da ɗan rago gidanmu na unguwar Kurayyat, har da raɗa masa suna Thamer.

Sai tausayi ya kama shi. Wai zafin Jidda zai kashe yaron. Ya kwashe kayana daga ɗakin ajiya, ya kunna wa rago mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya toshe taga da kwali. Ni ina kicin ina zufa, Thamer yana shan sanyi. Haushi kamar in mutu.

Da tafiya ta yi tafiya, ƙafafun Thamer suka lanƙwashe, ya fara ɗingishi. Gurgun rago kuwa ba ya layya, ga Sallah tana matsowa.

'Yarmu Wafa', wadda ba ta rabo da waya, ta ce, "Baba, rashin rana ne. Na karanta a Turai 'ya'yan alade da ake kiwo a rufe haka suke yi, sai a zuba musu bitamin D a abinci."

"A'uzu billahi. Ragon layyata za ki haɗa da alade?"

"La, ya Baba, ba abincin alade ba ne. Irin ƙwayar da daktora ta rubuta maka saboda gwiwarka ce, wadda ka jefa a durowa."

Ya tashi a fusace, washegari kuma ya lallaɓa wurin likitan dabbobi. Aka ba shi gari na zubawa a dusa, aka ce ya riƙa kai ragon rana da safe.

Ya bi umarni. Kullum sai ya rungumi Thamer ya hau saman bene. Da na ga shiru babu sauƙi, sai na bi su. Ga rago a tsakar rana, ga mijina tsaye a kansa da buɗaɗɗiyar lema.

"Malam, wannan fa?"

"To, an ce in kai shi rana. Ba a ce in bar ta ta taɓa shi ba."

Na ƙwace lemar na ce halas, ya isa haka. Daga ranar su biyu suke shanya, wannan yana tuƙa, wancan yana ba shi labarin kafilinsa, wato ubangidan da yake wa tuƙi. Ƙafafun rago suka miƙe, gwiwar mai rago ma ta daina ƙara.

Ranar Sallah ya wasa wuƙa ya hau bene. Thamer na ganinsa ya tsallake baho da gudu, ya je ya kwanta a wurin shanyarsu, ya bar masa gefensa. Mijina ya daɗe yana kallonsa.

"Safia, ba ki ga har yanzu yana ɗan ɗingishi ba?"

Na dubi ragon da ya gama tsalle, na dubi idon mijina da ya cika da ƙwalla. Raina ya yi sanyi.

"Na gani, Malam," na ce. "Sosai ma."